Kun Tambaya, Mun Amsa: Gasata ta Farko da Bindigar Iska Ta Ba Ni Kunya

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaci ne mai shekara 31, kuma wata bakwai ke nan da na shiga wani kulob inda ake koyon harbin saiti da bindigar iska daga nisan mita 10. A wajen atisaye nakan samu maki 530 zuwa 540 daga cikin 600, har mai horar da mu ya ce lokaci ya yi da zan gwada kaina a gasa. Makon jiya na shiga gasata ta farko, kuma abin da ya same ni ban taɓa zatonsa ba. Tun kafin a ba da umarnin farawa gwiwoyina suka kama rawa, bakin bindigar ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, harbina na farko kuma ya kuɓuce kafin in gama saiti, ya faɗa a kan 5. Daga nan na riƙa kallon allon maki bayan kowane harbi ina lissafin abin da na rasa, har na gama harbi 60 cikin minti 38, alhali sauran mutane suna nan tsaye ba su da alamar gamawa. Harbe-harbena na ƙarshe duk sun karkata hagu. Jami'in fili kuma ya tsawata mini a gaban jama'a domin na ajiye bindiga na juya baya ban zura zaren tsaro a cikin bututunta ba. Na tashi da maki 489, na zo na biyun ƙarshe. Na lura waɗanda suka fi ni duk suna sanye da rigar harbi mai tauri, bindigoginsu kuma sun fi wadda nake ara a kulob tsada. Shin kayan aiki ne suka kayar da ni, in tara kuɗi in saya, ko kuwa ba ni da zuciyar wannan wasa ne, in haƙura?

Wani mai karatu

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka saya tukuna, kada kuma ka haƙura. Bindigar da ka ara ita ce dai wadda take ba ka 535 ranar atisaye, kuma ba ta san ranar gasa ta zo ba. Wanda ya sani shi ne mai riƙe da ita. Saboda haka a jikinka da tunaninka za mu nemi maki arba'in da ɗoriya da suka ɓata, kuma wasiƙarka, da yake ka rubuta ta dalla-dalla, ta riga ta nuna inda kowannensu ya faɗi.

Bari mu fara da girman abin da ake nema a gare ka, domin yawancin masu koyo ba sa tsayawa su auna shi. A ƙa'idar Hukumar Wasannin Harbi ta Duniya, wadda aka fi sani da ISSF, faɗin dukan zagayen da ake ba maki a allon mita 10 bai wuce milimita 45.5 ba, baƙin da ido yake gani a tsakiya milimita 30.5 ne, ita kuwa goman da kowa yake kwaɗayi ɗigo ce mai faɗin rabin milimita. Ƙwayar dalmar da kake harbawa faɗinta milimita 4.5 ne, kuma ana ba ka makin duk zoben da gefenta ya taɓa, wanda ke nufin idan tsakiyar ƙwayar ta kauce wa tsakiyar allon da fiye da milimita 2.5, goma ta wuce ka. Idan tazarar da ke tsakanin saitin baya (ramin da ido yake leƙawa) da na gaba (ƙaramin zoben da ke kan bakin bindiga) ta kai santimita 80, gocewar bakin bindiga da kashi ɗaya cikin biyar na milimita ta isa ta jawo wannan asarar. Bugun zuciyarka kaɗai ya fi ƙarfin haka. A manyan gasa ma ba a tsayawa a kan goma, ana raba kowane zobe kashi goma ne, mafi girman harbi ya zama 10.9, jimillar harbi 60 ta kai 654, gwanayen duniya kuma sukan haura 630.

Na kawo waɗannan alƙaluma ne domin ka yarda da abin da zan faɗa yanzu, wanda shi ne gindin maganar duka: bindigar ba ta tsayawa cak a hannun kowa. A hannun gwani ma yawo take yi, sai dai yawon nata ƙarami ne, kuma ya saba da shi har ya daina faɗa da shi. Abin da ke faruwa ga sabon shiga ranar gasa shi ne, yana ganin yawon ya ƙaru kaɗan sai ya tsorata, ya fara jiran lokacin da baƙin allo zai gifta daidai tsakiyar zoben saitin gaba domin ya fizgi kunama ya cafke goma kafin ta gudu. Amma tsakanin abin da ido ya gani da motsin yatsa akwai ɗan jinkiri, saboda haka kafin yatsan ya motsa saitin ya riga ya wuce, fizgar kuma ta ƙara ture bakin bindigar gefe. Wanda ya bar bindigarsa tana yawo a cikin zoben 9, ya kuma matsa kunama a hankali har harbin ya fita da kansa, zai samu 9 ko 10. Wanda ya ce sai ya cafke goma yakan tashi da 7. Ina kyautata zaton rabin makin da ka rasa a nan suka tafi.

Harbinka na farko da ya kuɓuce yana da dalili mai sauƙi. Kunamar bindigar gasa tana da laushi ƙwarai, a wasu bindigogin nauyin da bai kai giram 100 ba ya isa ya tayar da ita, kuma yawanci hawa biyu gare ta: yatsa ya ja har ya ji ya daki wani ɗan shinge, sannan ƙarin matsi kaɗan ya saki harbin. Idan gaban mutum yana faɗuwa, jini yakan ja baya daga yatsu, su yi sanyi, su rage jin abin da suke taɓawa, sai ya wuce shingen bai sani ba. Maganinsa shi ne a minti 15 na shiri da gwajin saiti da ake bayarwa kafin a fara ƙidayar maki, ka fara da jan kunama ba tare da sakin iska ba, sau biyar ko fiye, har yatsanka ya gane inda shingen yake a wannan rana. Kada kuma ka ɗora yatsa a kan kunama sai bindigar ta sauko cikin baƙin allo. Idan abin zai rage maka kunya, ka tuna da Matthew Emmons na Amurka. A gasar Olamfik ta 2004 a Atina yana kan gaba a wasan ƙarshe na bindigar mita 50 da ake harbi a kwance, a tsaye da kuma a durƙushe, saura harbi ɗaya ya ɗauki zinare, sai ya harbi allon maƙwabcinsa, aka ba shi sifili, ya koma na takwas. Bayan shekara huɗu a Beijin ya sake zuwa harbin ƙarshe yana kan gaba a wannan wasa, harbin ya kuɓuce masa kafin ya gama saiti, ya samu 4.4, ya faɗo na huɗu. Mutumin da ya riga ya ci zinare a wani fannin harbin ke nan, ba ɗan wata bakwai ba.

Rawar gwiwa kuwa ba alamar rashin zuciya ba ce. Jiki ne ya ga an zuba masa ido, ya ɗauka haɗari ne, ya saki sinadarin da ke shirya mutum ga gudu ko kokawa, alhali kai tsayuwa kamar gunki kake bukata. Ba za ka iya hana wannan zuwa ba, abin da za ka iya shi ne ka rage wa tsoka aiki, domin tsokar da take ɗauke da nauyi ita ce take rawa. Tsayuwar harbi an gina ta ne a kan ƙashi. Mai harbi da dama yakan juya gefen hagunsa ga allo, ƙafafu a buɗe kamar faɗin kafaɗa ko fiye kaɗan, ya tura ƙugu gaba, ya kafa gwiwar hannun hagu a kan ƙashin ƙugu ko a jikin haƙarƙari, bindigar ta zauna a kan dunƙulen hannu ko tafinsa, ta yadda nauyinta, wanda doka ta yarda ya kai kilogiram 5.5, zai bi ta ƙashin hannu zuwa ƙugu zuwa ƙafa har ƙasa. Idan ka ji damtsenka na hagu yana aiki, to ɗaga bindigar kake yi, kuma ba ka yi harbi 20 ba za ka gaji. Haka ma numfashi: ka ja biyu ko uku masu zurfi, ka saki na ƙarshe, a ɗan hutun da ke bayan fitar iska ne ake harbi. Wannan hutu gajere ne. Idan daƙiƙa takwas zuwa goma suka wuce harbin bai fita ba, ido ya fara dushewa, yawon bindiga ya fara faɗi, sai ka cire yatsa, ka sauke bindigar a kan madogararta, ka sake daga farko. A ganina babu wata fasaha da ta fi wannan wuyar koyo, domin zuciya takan ce ai an riga an sha wahalar ɗagawa, a ƙarasa kawai. Ka kalli kowane gwani za ka ga yana saukewa ba tare da jin nauyin kowa ba.

Wannan ya kawo mu ga minti 38 ɗinka. An ba ka minti 75 domin harbi 60, wato daƙiƙa 75 ga kowane harbi, sai ka mayar da kusan rabin lokacin ba ka taɓa shi ba, kuma babu makin da ake ba wanda ya riga kowa gamawa. Gaskiyar magana, so kake ka fita daga wurin, shi ya sa ka yi ta ɗurawa kana saki. Sauri kan haifi nawa. Da bayan wancan 5 ɗin ka ajiye bindiga, ka zauna minti biyu, ka kurɓi ruwa, da ka ceci harbi goman da suka biyo baya. Jami'in fili yakan sanar idan saura minti goma da kuma minti biyar, amma kada ka dogara da shi. Ka ajiye ƙaramin agogo a gabanka, ka raba aikin gida shida na harbi goma-goma, kowane gida minti 11 ko 12, tare da ɗan hutu a tsakani.

Karkatar harbinka zuwa hagu a ƙarshe tana iya zama ɗayan abu biyu, kuma na fi zargin na farko. Kowace tsayuwa tana da inda take nuna bindiga da kanta idan ba a tilasta mata ba. Ka ɗaga bindiga, ka rufe ido, ka saki jiki, ka yi numfashi biyu, ka buɗe: inda ka tarar da saitin, nan ne jikinka yake nufi. Idan ba a kan baƙin allo yake ba, ƙafa ake gyarawa, ba a jawo bindigar da hannu. Mutumin da ya gaji, ko ya ɗan gusa ƙafarsa ta baya bai lura ba, jikinsa yakan koma nuna gefe, ya riƙa jawo bindigar tsakiya da ƙarfin tsoka, a daidai lokacin da harbin zai fita kuma tsokar ta saki, bindigar ta koma inda take so. Ƙwayar bindigar iska ba ta da gudun harsashin bindigar wuta, abin da take yi bai wuce mita 170 da 'yan kai a daƙiƙa ba, saboda haka motsin da aka yi lokacin da take cikin bututu yana bin ta har allo. Dalilin ke nan da ake cewa ka ci gaba da saiti daƙiƙa ɗaya ko biyu bayan harbin ya fita, kunci a kan bindiga, ido a cikin zobe. Abu na biyu shi ne sauyin inda kuncinka yake zama, wanda ke sauya yadda ido yake leƙa ramin saitin baya. Idan ka tabbatar da tsayuwarka da zaman kuncinka, amma harbi uku ko huɗu masu kyau suka taru a gefe ɗaya, to ka murɗa saitin baya. Doka ba ta hana gyara saiti a tsakiyar gasa ba, kuma sababbi da yawa suna jin tsoron taɓa shi kamar wuta.

Game da allon maki ba zan tsawaita ba. Ka duba shi domin ka san inda harbin ya faɗa, bayan ka riga ka faɗa wa kanka inda kake zaton ya faɗa, sannan ka kawar da ido. Jimilla ba aikinka ba ce sai an gama, kuma wanda yake lissafin harbi na 12 yana riƙe da na 13 ya ɓata biyun.

A kan tsawar da jami'in fili ya yi maka, ka yi haƙuri, ina bayansa. Zaren nan mai launi da ake zurawa ya ratsa bututun bindigar iska daga baya har ya leƙo ta baki shi ne kaɗai shaidar da mutumin da ke nesa zai gani ya tabbata babu ƙwaya a ciki. Ƙwayar da nauyinta kusan rabin giram ne kawai tana iya tsiyaye ido. Duk lokacin da za ka saki bindiga ka bar wurin tsayuwarka, ko wani zai shiga gaban layi, sai an buɗe ta an zura zaren, bakinta kuma yana kallon allo. Na taɓa ganin an yi wa wanda ya shekara goma yana harbi irin wannan tsawa, bai ce uffan ba, ya koma ya zura. Tunda muna kan dokoki, ga waɗanda suka fi kama baƙi: idan aka ba da umarnin tsayawa, ko kana dab da saki ne sai ka tsaya, idan an fara ƙidayar maki ka saki iska ba ƙwaya a ciki, sifili za a rubuta maka, idan ka lura ka ɗura ƙwaya biyu bisa kuskure, ko bindiga ta samu matsala, ka ɗaga hannu ka jira jami'i, kada ka yi gaban kanka, mai horar da kai kuma ba ya da damar yi maka magana kana kan layi, sai ka sanar da jami'i, ka zura zare, ka fito wurinsa. Ƙananan gasa sukan sassauta wasu abubuwa, don haka ka nemi takardar ƙa'idojinsu tun kafin ranar.

Sai batun kaya. Ba zan ɓoye maka ba, rigar harbi da wandonta suna taimako sosai, domin taurinsu yana tallafar baya da ƙugu yana rage yawon bindiga, shi ya sa ma ake auna kaurinsu da taurinsu a wurin binciken kaya kada su wuce iyaka. Idan za ka kashe kuɗi a kan abu ɗaya, safar hannu ce ta farko, sannan riga, ko da ta hannu ce in dai ta zauna maka daidai. Bindiga ita ce ta ƙarshe. Kamfanonin da suka yi suna a wannan fanni, irin su Feinwerkbau da Walther da Anschütz na Jamus da Steyr na Ostiriya, tsofaffin bindigoginsu ma idan aka ɗaure su a abin da zai riƙe su ƙam ba motsi suna iya jera ƙwaya a rami kusan ɗaya daga mita 10, wato sun fi mai maki 540 iya harbi nesa ba kusa ba. Abin da zan roƙe ka shi ne ka tabbatar tukunyar iskar ta cika kafin gasa, kuma ba ta wuce shekara goma da ƙerawa ba, domin ana duba kwanan watan da ke jikinta. Duk abin da ka saya kuma ka yi makonni kana atisaye da shi tukuna, ba a fafe gora ranar tafiya.

Kafin gasa ta gaba, ka roƙi mai horar da ku ya riƙa shirya muku gwajin da ya yi kama da ita sau ɗaya a mako: minti 15 na shiri, umarni da babbar murya, agogo yana tafiya, mutane biyu ko uku a tsaye a bayanka, a kuma liƙa sakamako a bango kowa ya gani. Ka rubuta jerin abin da kake yi a kowane harbi, daga kafa ƙafa zuwa sauke bindiga, a ƙaramar takarda ka ajiye kusa da gwangwanin ƙwayarka. A gasar kuma, maimakon maki, ka ƙirga sau nawa ka sauke bindiga ba ka harba ba, da minti nawa ka yi amfani da su. Ka sake rubuto mana da waɗannan alƙaluma biyu.

Tambaya: Malam, 'yata mai shekara 13 ta nace tana son shiga wannan wasa, amma tana sa tabarau, ni kuma ina tsoron haɗari. Ya dace da yarinya?

Wata uwa

Amsa: Hajiya, ya dace. Harbin bindigar iska ya shiga Olamfik tun 1984 ga maza da mata, daga 2018 kuma mata suna harbi 60 daidai da maza, makinsu kuwa ba ya ƙasa da na mazan. Wadda ta ci zinaren mata a Faris a 2024, Ban Hyo-jin ta Koriya ta Kudu, shekararta 16 a lokacin. Tabarau na gyaran gani ba ya hana komai. Abin da aka haramta shi ne madubin da ke kusanto da allo. Masu shekarunta sukan fara ne da bindiga mara nauyi a ɗore a kan madogara, sai bayanta ya yi ƙwari sannan ta koma ɗauka da hannu, kuma kada a yi gaggawar wannan. Dokar mallakar bindigar iska ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, saboda haka ta fara da ta kulob mai rajista, a ƙarƙashin idon mai horarwa. Ki je da kanki ranar farko ki duba ko ana zura zaren tsaro a kowace bindigar da aka ajiye, ko kuma akwai mai juya bakin bindiga wajen mutane ba a tsawata masa ba. Idan kin ga haka, ki nemi wani wurin. Ƙwayar kuma ta dalma ce, don haka kada ta ci komai a kan layi, ta kuma wanke hannu da sabulu duk lokacin da ta gama.